Salansa ko farfela? Yadda muka ƙare da babur ɗin ruwan ɗan Alhaji a Legas

Tun ranar da kwalin nan ya iso na san akwai magana. Ɗan maigidana ne ya shigo da shi gareji da kansa, bakin nan har kunne, ya dire a gabana ya ce "Kawu ga shi nan, yau ɗin nan nake so a ɗaura." Na buɗe, sai ga bututun alminiyom sai sheƙi yake, da tiyo na roba da kilif-kilif, wato salansar nan da ake cire ta kamfani a sa domin wai hayaƙi ya samu hanya. Ta intanet ya sayo daga Amurka, har ta zo har aka biya kuɗin jirgi da na kwastan bai shawarci kowa ba.

Ni aikina gyaran injin jirgin ruwa ne a Legas, da injinan kwale-kwalen fasinja na fara, daga baya na koma kan waɗannan baburan ruwa da mutane ke kira jet ski duk da cewa asali sunan na Kawasaki ne, kamar dai yadda kowane garin wanki ya zama Omo a bakinmu. Alhaji shi ya tsaya mini na samu wurin da nake aiki, saboda haka yaron nan kamar ɗana yake, ba kwastoman da zan ɗaura wa abu in karɓi kuɗi in yi gaba ba ne.

Babur ɗin Sea-Doo ne RXT-X 300 na 2018, tokumbo. Injin Rotax ne mai silinda uku, cc 1,630, da sufacaja mai matse wa inji iska da intakula mai huce ta, ƙarfin doki 300 a takarda. Kukansa kuwa ɗaya ne: akwai abokinsa mai Yamaha GP1800R, duk ranar Lahadi in sun fito daga wajen Falomo za su Tarkwa Bay sai ya bar shi a baya tun daga tashi, kuma wai har 'yan mata sun fara yi masa dariya. Lissafinsa shi ne salansa tukuna, sannan a taɓa ƙwaƙwalwar injin, abin da makanikai ke cewa birenbos, da irin tsarin nan da kamfanoni kamar RIVA suke sayarwa mataki-mataki, na ɗaya na biyu na uku, waɗanda na sama-sama ake tallarsu da mil 80 zuwa sama a awa.

Na ce masa to ɗana, kafin a kwance noti ko ɗaya bari in hau in ji. Da sassafe muka shiga ruwa lokacin ba igiya, na ɗaure waya a gaba ina auna gudu da GPS. Ina matsa mai sai inji ya yi sama fuuu, allura ta haye, amma babur ɗin kamar an riƙe shi ta baya, sai da ya ɗan yi jim sannan ya kama. Duk wanda ya taɓa tuƙa motar da kulocinta ya cinye ya san abin da nake faɗa, ga ƙara ga ba tafiya. Da na sake shi a miƙe kuma ƙarewar gudunsa wajen mil 60 ne.

Wannan 60 ɗin ita ta ba ni labari. Irin waɗannan da aka yi wa kasuwar Amurka suna zuwa ne a ɗaure, akwai wata fahimta ta tuntuni tsakanin kamfanonin da masu tsaron gaɓar tekun Amurka cewa kar gudu ya wuce mil 65 da ɗan rangwame, shi ya sa za ka ga kusan dukkansu suna tsayawa wajen 67, kusan kilomita 108 kenan a awa. Wato mai lafiya injin na iya wucewa, kwamfuta ce ke danne shi. To namu ko inda aka ɗaure shi bai kai ba. Ka ga kenan ba ƙari yake buƙata ba, akwai abin da ya ɓace masa ne, kuma wanda aka yi wa sata ai kayansa yake fara nema kafin ya yi zancen sayen sabo.

Muka fito da shi kan tirela na kwanta a ƙasa na haska tocila ta bakin shan ruwa. Babur ɗin ruwa ba shi da giya ba shi da taya, abin da ke tura shi famfo ne, yana zuƙo ruwa ta ƙasa, farfela na juyawa a cikin wani zobe ta matse ruwan ta harba shi ta baya. Duk ƙarfin dokin nan 300 ta wannan 'yar farfelar yake bi, kuma aikin ya dogara ne a kan tazarar da ke tsakanin bakin farfela da zoben, ya kamata ta zama 'yar siririya kamar kaurin farce. A Sea-Doo zoben na roba ne mai tauri, da gangan aka yi shi haka don shi ya ci wuya farfela ta tsira. Namu duk ya yi layi-layi kamar an bi shi da ƙusa, wani wurin har haske kake gani, bakin farfelar ma ya lanƙwashe wuri biyu. Na tambaye shi, kana hawa da shi kan yashi a Tarkwa Bay inji na kunne ko? Ya yi shiru ya sosa ƙeya. Ai shi kenan. Ga yashi, ga shara ta lagun ɗin Legas, ledar fiya wata da robobi da guntayen katako, ga ciyawar ruwan nan mai kama da kainuwa da ke rufe hanya in lokacinta ya yi, duk ta nan suke bi.

Na biyu intakula. Mutane da yawa suna jin an ce Sea-Doo ruwan sanyaya injinsa a rufe yake kamar na lagireton mota sai su ɗauka ba ruwansu da wanke gishiri. Gaskiya ne injin kansa ruwansa daban, farantin da ke ƙarƙashin babur ɗin ne ke aikin lagireto, amma salansa da intakula ruwan da kake tafiya a kai suke sha kai tsaye. Namu kuwa ruwan gishiri ne, in ka fita ta bakin teku ma gishiri zalla. Da na ciro intakular cikinta ya yi fari fat da gishiri da yashi, ɓangaren iska kuma ya yi danƙon baƙin mai. Sufacaja in ta matse iska sai iskar ta yi zafi, aikin intakula ta huce ta kafin ta shiga inji, in ta toshe inji iska mai zafi yake shaƙa, ƙarfi ya ragu. Yaron da ke wanke masa ashe sama kawai yake wankewa ya goge ya yi ƙyalli.

Na zaunar da shi na yi masa bayani, wallahi kamar ina magana da bango. "Kawu ni dai a sa salansar, na ga bidiyo, wani ya sa kuma ka ji yadda take." Na ce ai ji ka yi, ka ga allurar gudunsa? A ƙarshe na ce bari in bi shi, wani lokacin gani ya kori ji. Muka ɗaura salansar ba mu taɓa komai ba.

Bari in ɗan tsaya a nan saboda wannan wurin ne ake yawan ruɗa mutane. Hayaƙin babur ɗin ruwa ba kamar na mota yake fita ba. Yana barin inji ta bututun da ruwa ke zagaye da shi, sai a fesa masa ruwa a ciki don ya huce, ya shiga wata tukunyar ƙarfe da ke rage ƙara kuma take tare ruwa kar ya koma inji, daga nan tiyo, sai wani akwatin roba na kashe sauran ƙara, sannan waje. Abin da yaron nan ya sayo wancan akwatin roba na ƙarshe kawai yake maye, tukunyar tana nan, bututun farko yana nan. A injin da ba a taɓa ba kamfani ya riga ya ba hayaƙi hanyar da ta ishe shi, don haka abin da za ka samu murya ce. Wanda ya canza sufacaja ya ƙara nozul ya ɗaga juyin inji, shi kam hayaƙinsa ya ƙaru, buɗe masa hanya yana da ma'ana. Akwai kuma wata irin da ake huda jikin babur ɗin ta baya a fito da bututun, ita in ka huda ka huda, ba komawa, ranar sayarwa kuma mai saye zai ga ramin ya rage maka kuɗi. Na gode Allah ba ita ya sayo ba.

Muka koma ruwa. Murya kam ta fito, gurnani mai kauri, har masu kwale-kwale suna waiwaye, yaro sai murna yake yana cewa Kawu ka ji yadda yake ja yanzu? Na nuna masa wayar. 60 ɗin nan dai ita ce, ko ɗigo. Ya ce wai GPS ɗin ne ba daidai ba.

Abin da ya biyo baya kuma laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Tiyon roba in ya sha zafi ya huce yakan saki, ƙa'ida bayan fita ta farko a sake bin kilif ɗin a ƙara ɗaurewa, ni kuma ranar aiki ya yi mini yawa na ce gobe. Goben ba ta zo ba sai Lahadi, yana hanyar Ilashe ya wuce Apapa tiyo ya zame. Hayaƙi da ruwan da ke cikinsa suka koma zuba a cikin cikin babur ɗin, inji yana shaƙar hayaƙin kansa ya fara shaƙewa, baya ya fara nutsewa. Allah ya taimaka ya kashe da wuri kuma da rigar ruwa a jikinsa, ya kira ni murya na rawa. Abin da na fara ce masa kar ka sake ka kunna, na biyu duk wanda zai ja ka ya ja a hankali kamar tafiyar ƙafa, domin in aka ja babur ɗin ruwa da gudu inji a kashe famfo yakan tura ruwa cikin salansa ba hayaƙin da zai kore shi, ya cika ya gangara silinda, kana murza ki kuma sandar fistin ta lanƙwashe. Wani mai kwale-kwale ya jawo shi sannu-sannu. Na cire fulogi na juya inji, ba ruwa a silinda, baƙin mai bai yi fari ba. Ranar na yi sadaka.

Dole magana ta kai gaban Alhaji. Ya kira mu falo, ya ce "Malam, ni ban san kan abin nan ba, ka faɗa mini gaskiya me za a yi, me kuma ba za a yi ba." Na ce ranka ya daɗe hanya uku ce. Ko a mayar da shi yadda kamfani ya yi shi, sabon zobe, a gyara farfela ko a sa sabuwa, a wanke intakula, fulogi da baƙin mai, a tsaya nan. Ko a yi wannan sannan a ƙara wata 'yar na'ura da ake jonawa ta kwance ɗaurin gudun nan, ita ba ta taɓa lissafin mai da wuta, injin ne kawai za a bari ya kai inda dama zai iya. Ko kuma a bi abin da yaro yake so, a sake rubuta ƙwaƙwalwa, farfela mai wani lanƙwasa daban irin na kamfanin Solas, babbar intakula, matatar iska, in za a haura juyi 8,000 a minti da nisa kuma sai an buɗe kan inji an canza sifirin da maƙallan bawul, in ba haka ba wata rana bawul ya faɗa kan fistin.

Yaro ya ce ta ukun. Ni kuma na ce ta ukun nan ba zan sa hannuna ba, kuma ba don ba zan iya ba, saboda mai.

Nan ne ainihin inda gizo ke saƙar, kuma da za a tambaye ni abu ɗaya da mai irin wannan babur a ƙasar nan ya kamata ya riƙe, wannan ne. Yaron ya buɗe waya ya nuna mini, ga shi an rubuta tsarin na fetur mai lamba 91 ne, kuma ai man Najeriya ma 91 ne, to mene ne? Na ce ɗana 91 ɗinsu ba 91 ɗinmu ba ce. Lambar nan tana auna juriyar fetur ne, yadda zai daure matsi da zafi bai fashe da kansa ba kafin lokaci. Mu da Turai muna ƙirga da ma'aunin da ake kira RON, Amurka kuma suna haɗa RON da wani ma'aunin su raba biyu, sai lambarsu ta fito ƙasa da tamu da kusan 4 zuwa 5. Wato 91 ta Amurka ita ce 95 a namu lissafin, 93 ɗinsu kuwa wajen 98. Fetur ɗin gidan mai a nan kala ɗaya ne, wajen 90 zuwa 91 a RON, in ka juya shi zuwa lissafinsu 87 ne, mafi arha a famfonsu. Injin nan tun daga kamfani 91 ta Amurka ake so a ba shi. Kenan tun ba a taɓa shi ba ma a ƙasa da abincinsa yake ci, abin da ke rufa asiri akwai wata na'ura a jikinsa mai sauraron ƙwanƙwasa, da ta ji mai ya fara fashewa ba daidai ba sai ƙwaƙwalwa ta ja wuta baya, ƙarfi ya ɗan ragu inji ya tsira. Shi kuma sabon rubutun da ake sayarwa aikinsa kenan ya tura wuta gaba ya ɗaga juyi, ya cinye 'yar ratar nan da kamfani ya bari don irin ranar da aka sha mai mara kyau. Ka haɗa da ruwan Legas da ba ya sanyi, yawancin shekara yana wajen digiri 27 zuwa 29, da shi intakula za ta huce iska, ka haɗa da rana, ka haɗa da yaro mai shekara ashirin da 'yan kai da zai danne mai tun daga Falomo bai saki ba. Fistin ne zai narke, kuma a tsakiyar ruwa ba gefen titi da za ka faka.

Ban ma yi zancen ranar da man ya zo da matsala ba, kowa ya tuna Fabrairun 2022 da aka shigo da fetur mai methanol fiye da ƙima, motoci nawa suka kwanta. Ballantana man jarka da ake saye a bakin ruwa wanda ba ka san me aka zuba ba.

Ya ce to a riƙa zuba maganin ƙara lamba na kwalba. Na ce karanta jikin kwalbar da kyau, yawancinsu in sun ce suna ƙara maki 7 nufinsu 0.7, ba 7 ba, mu kuma giɓin 4 muke nema mu cike. Masu ƙarfin cikinsu kuma suna barin jan ƙasa-ƙasa a kan fulogi. Tankin nan lita 60 ne, in aka danne shi har ƙasa bai cika kai awa ɗaya ba ya ƙare, ka lissafa kwalba nawa duk Lahadi, a kan kuɗin man da tun cire tallafi a Mayun 2023 kowa ya san yadda yake. Kuma ranar da aka manta ba a zuba ba fa? Su kansu masu sayar da kayan nan suna rubutawa a jiki cewa na gasar tsere ne kawai, mai tsere kuwa da man sa na musamman yake zuwa kuma ya san duk bayan 'yan awanni zai buɗe inji.

Alhaji ɗan kasuwa ne, bai fahimci RON ba amma ya fahimci wannan. Ya ce "wato in sayi doki mai cin alkama alhali dusa ce a garin." Na ce ranka ya daɗe ka gama magana. Ya yanke a yi ta biyu, kuma kuɗin salansar a cire daga kuɗin kashewar yaro.

Aikin ya ɗauke mu kusan sati uku, yawanci jiran kaya ne. Zobe sabo, farfela na sa sabuwa irin ta kamfani ban canza lanƙwasa ba tunda ƙarfin injin bai canza ba, in ka sa mai nauyi a injin da bai ƙaru ba juyi ne zai faɗi ka yi asarar gudu. Na duba boris ɗin famfo da man cikinsa, na duba zoben da ke tare ruwa a sandar da ta fito daga inji, na jiƙa intakula na wanke har ruwa ya riƙa wucewa garau, na gwada ta da iska ko tana yoyo. Sufacaja na auna santsin kulocinta yana nan daidai na bar ta. Kafin in jona na'urar kwance gudu sai da muka fita haka nan don a ga bambanci, yana tashi ya kama ruwa caraf ba wancan ihun banza, ya je ya tsaya a 67 kamar an ja layi. Da aka jona kuma ya shiga 70 da 'yan kai, da safe in ruwa ya kwanta kuma tanki ba a cike ba. Da rana tsaka yakan rage kaɗan, wannan zafi ne da mai, ba yadda za a yi.

Na kira yaron da ke wankewa na koya masa da hannu: a kunna inji tukuna sannan a buɗe ruwan tiyo, minti ɗaya da rabi ya isa, a rufe ruwa tukuna sannan a kashe inji, in ka juya tsarin ka cika silinda da ruwa da hannunka. Shi kuma mai babur na ce in ya kusa gaɓa ya kashe tun ruwa na kai masa ƙugu ya sauka ya ja da hannu, girman kai ne kawai ke sa a hau yashi da inji.

Salansar fa? Na sake ɗaura ta da kilif biyu-biyu na bi na ƙara ɗaurewa bayan fitar farko, ya yi Lahadi uku da ita. Ta huɗu shi da kansa ya dawo ya ce Kawu a mayar da ta da, wai in ya yi tafiya mai nisa a matsakaicin gudu gurnanin yana shiga masa kai har ya sauka kunne na ƙara, ƙanwarsa kuma ta ce ba za ta sake hawa ba. Dama ban yar da akwatin robar ba, na san za a zo nan. Mai Yamaha kuwa yanzu kusan tare suke tashi, a miƙe namu yana ɗan wuce shi, a kwana kuma har yau shi ke gaba don ya fi shi iya tuƙi, wannan kam na gaya masa ba ni da noti da zan ɗaure masa. Bututun yana nan a kwalinsa saman kabad ɗin gareji, ya sa shi a kasuwa wata biyu kenan, mutum ɗaya ne ya taya kuma rabin kuɗi.